Jan Bulon da Kaka Ta Hana

Babana ya ƙare ƙarfinsa yana gasa wa Khartum jan bulo, amma mu 'ya'yansa a ɗakin laka muka tashi. Ba rashi ne ya jawo haka ba. Kakata, wadda ta haife shi, ita ta hana.

Gidanmu yana Umdurman, a wata tsohuwar unguwa bayan kasuwa, gab da kwarin da ruwa ke bi da damina. Iyayen Kaka sun taso da ita daga ƙasar Haɗeja tana yarinya, da ƙafa da jakuna, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare musu a Jazira, suka tsaya tsintar auduga su ɗan farfaɗo. A can uwarta ta rasu, a can aka yi mata aure, daga can kakana ya kawo ta Umdurman ya ja katanga. Ta haifi 'ya'ya a gidan, ta binne miji daga gidan, ta ga jikoki. Duk da haka, in ka tambaye ta, zango ta yada, kuma gobe ko jibi za ta tashi.

Mutanen Sudan kowace tsohuwa Hajja suke ce mata, ko ta je ko ba ta je ba. Kaka ba ta taɓa barin wannan ya wuce ba. Mai kanti ya ce, "Ya Hajja, sukarinki," sai ta karɓa ta ce, "Ban je ba tukuna." Kwandastan bas ya ce, "Matsa ciki, ya Hajja," sai ta tsaya a ƙofa ta gyara masa, mutane na jira a baya. Mu yara kunya ke kama mu, ita ko a jikinta.

Tana da wata adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin angarib ɗinta, gadon igiya da take kwana a kai. A ciki akwai takalman da ba ta taɓa sawa ba, da buta, da farin ƙyallen likkafaninta da take son a wanke mata da ruwan Zamzam. Duk bayan ƙaramar Salla sai ta fito da su ta shanya, ta kakkaɓe, ta mayar. A bana dai, in ji ta. Bana ta zo da haihuwa, wata bana da rashin lafiya, wata kuma da dokar fasfo, wadda ta ce su zo da shaidar cewa ita 'yar ƙasa ce. Adaka dai na nan a ɗaure.

Saboda wannan tafiya ne ta hana a sa jan bulo ko siminti a gidan. Ta ce wanda ya gina da abin da wuta ta gasa ya gaya wa Allah ya fasa zuwa. Ba ita kaɗai ba ce, tsofaffin unguwarmu da yawa haka suka tafi a kai, sai dai nata ya fi na kowa tauri. Ko bishiya ba ta yarda a dasa ba. Wani dogonyaro ya tsiro don kansa a tsakar gida, daidai inda take alwala, kuma tun daga ranar ba ta sake yin alwala a wani wuri ba. Ya girma har ya rufe rabin gidan. Na taɓa tsokanarta na ce, "Kaka, matafiya da bishiya?" Ta ce, "Ja'ira, ni na dasa? Ruwan alwalata ne ya zuba, in hana shi sha?"

Amma kada wani ya ɗauka gidanmu kufai ne. Kafin kowace damina sai an yi masa yaɓen zibala, wato ƙasa da kashin dabbobi da ake jiƙawa a rufe har su ruɓe. Ranar da aka buɗe ramin, ko kuda sai ya yi tunani kafin ya shigo. Kaka za ta ja kujera ta zauna da sanda, tana nuna wa masu yaɓe inda hannunsu ya yi sakaci. In ya bushe, wari ya tafi, katanga ta yi sumul, ɗaki ya yi sanyin da ban sake samu ba a ɗakin da ke da na'ura. Shekarar da aka yi ruwan nan mai yawa, gidaje suka yi ta zubewa a garin nan, namu ko tsagewa bai yi ba. Kaka ta yi wata guda tana yi wa Baba gori.

Baba kuwa a kamina yake aiki, wurin gasa bulo a bakin Nilu, can ɓangaren Khartum. Da asuba yake hawa kekensa ya haye gada, ya dawo da yamma gashin hannunsa a ƙone, idanunsa jajur saboda hayaƙi. Ranar da ya ɗauke ni muka shiga Khartum a bas, ba ya barin in kalli abin da nake so. "Kin ga wancan benen? Bulonmu ne. Kin ga katangar makarantar can? Ni na kwana a kan wutarta." Ya san tsofaffin gine-ginen zamanin Turawa masu baranda, ya san waɗanda aka yi bayan an sami mulkin kai, har sababbin da aka lulluɓe da gilashi yakan ce a kankare su a gani, jan bulo ne a ciki. Yana faɗa yana murmushi, ni kuwa haushi nake ji. Mutum ya gina wa gari duka, ya dawo ya kwana a laka.

Shi ma abin na cinsa, sai dai ba ya iya musu da uwarsa. Abin da ya iya shi ne, in zai taso daga aiki, mai kamina ya bar shi ya zaɓi bulo ɗaya ko biyu, ya naɗe a buhu ya ɗaure a bayan keke. Bayan garken awaki yake jera su, ya rufe da tsohuwar tabarma. Shekara da shekaru yana yi, har tulin ya fi tsayina. Kowa a gidan ya sani. Kaka kullum sai ta bi ta wurin za ta ba awaki dusa, kuma ba ta taɓa gani ba. Wata rana ma na same ta ta jingina da shi tana hutawa.

Na gama sakandare ke nan ina koyar da yara a wata makarantar unguwa, sai magana ta fara yawo cewa za a yi wa unguwarmu tsari. Za a fasa tituna, a ja layi, a kawo famfo. Wanda aka tabbatar tsohon mazauni ne, za a bar shi a inda yake ko a matsar da shi kaɗan. Wanda aka ce baƙo ne da ya yi gini ba izini, za a rushe, a kwashe shi a lori zuwa Dar Salam, can bayan gari inda babu komai sai rana. 'Yan lajana, wato kwamitin da aka naɗa, za su bi gida gida su duba, su yi tambaya.

Nan da nan unguwa ta rikice. Maƙwabta suka shiga tayar da ɗaki ɗaya ɗaya na jan bulo a bakin ƙofa, don an ce ido shi ke fara yanke hukunci. Baba ya daure ya je ya durƙusa gaban Kaka bayan la'asar, ina zaune ina tsince mata shinkafa.

"Inna, ɗaki ɗaya ne. Ko rufi ba sai an yi ba. Su dai gani."

"Da wane bulon?" in ji ta, fuskarta a sake.

Baba ya sunkuyar da kai. Ni na amsa masa. "Da wanda kike jingina da shi, Kaka."

Ta harare ni. "Ba da ke nake ba." Ta juya wurinsa. "Ubanka ya ja katangar nan tun ba a yi gadar da kake hawa da keke ba. Wa zai zo ya ce mini baƙuwa? Ina raye ba za a gasa mini gida ba. Kalas, magana ta ƙare."

Da na ga ba za a yi gini ba, sai na koma kan bakinta. Na zaunar da ita kamar ɗalibata. Na ce in sun tambaya, ta ce nan aka kawo ta amarya, nan ta haihu, mijinta yana maƙabartar garin nan. Ta nuna musu dogonyaro su auna kaurinsa. Duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Ta ce ta ji. Na sa ta maimaita da Larabci, ta maimaita tana dariya, ta ce ashe malamar tana da zafi.

Suka zo da hantsi, ranar Baba na wurin aiki. Mutum uku ne: wani dattijo mai tabarau, wani saurayi mai fara'a, da wani riƙe da gwangwanin jan fenti. Umma ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiya, na kawo ruwa da shayi. Dattijon ya dubi katanga, ya dubi rufin, ya tambayi waye babba a gidan. Kaka ta fito da sandarta, ta yafa farin mayafi.

Saurayin ya gaishe ta da Larabci ya ce, "Ya Hajja, kef halik?"

Na san abin da za ta ce tun kafin ta buɗe baki.

"Ban je ba tukuna," in ji Kaka da Larabcinta mai kaurin Hausa.

Ya yi dariya. "Allah ya kai ki. Tun yaushe kuke zaune a nan?"

"Ba zaune muke ba, ɗana. Nihna mashin. Wucewa muke, hanyar Makka muka nufa. Mun dai tsaya."

Na yi tsalle na shiga. Na ce tsohuwa ce, haka suke magana, a nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni, ga bishiya, ga maƙwabta a tambaye su. Saurayin, Allah ya saka masa, ya sake gwadawa. Ya rage murya, ya kira ta kaka da harshensu ya ce, "Habboba, ina nufin gidan nan naku ne na zama, ko ba haka ba?" Ya buɗe mata ƙofa, saura ta shiga.

Kaka ta dube shi, ta dube ni. Na ga ta gane sarai abin da ake so ta ce. Leɓenta ya motsa. Sai ta ce, "Na Allah ne. Ni ban kwance kayana ba."

Dattijon ya ajiye kofin shayi bai shanye ba. Ya ce da bakinta ta faɗa, kuma ginin ma ya faɗa. Mai gwangwani ya tsoma buroshi, ya ja jan gicciye a ƙofarmu, fenti na gangarowa.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Na tsaya a tsakar gida na ɗaga wa kakata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ta kashe mu. Na ce Makkar da ba ta je ba ta cinye mana gidan da muke da shi. Ta shiga ɗaki ta saki labule. Baba ya dawo ya tarar da fenti, ya jingine keke, ya daɗe a tsaye. Ya kwance bulon da ya zo da shi, ya kai bayan garke ya ɗora a kan sauran.

Ban haƙura ba. Na yi ta zarya zuwa Khartum, daga wannan ofis zuwa wancan. Hanyar bas ta bakin kogi take bi, inda tsofaffin ganuwoyin yaƙi na laka suke, waɗanda aka kewaye da waya ana kawo 'yan makaranta su gani. Ni kaina na taɓa kawo ɗalibaina, na ce musu wannan tarihin garinmu ne, su yi alfahari. Laka ce irin tamu, hannu ne irin na kakana ya ɗora ta. Tasu ana ɗaukar hotonta, tamu an shafa mata fenti. Kuma duk ofishin da na shiga aka ce in dawo gobe, sai na dubi bangonsa in ce a raina, wataƙila ubana ne ya gasa ka. A ofis na ƙarshe wani mutum ya ce mini cikin ladabi, "Ya ustaza, ku ai mutanen hanya ne, kowa ya sani." Na ce masa ni a asibitin Umdurman aka yanke mini cibi, shi fa a ina? Bai ji daɗi ba, ni ma ban so ya ji ba.

Duk tsawon lokacin nan ba na yi wa Kaka magana sai gaisuwa. Ina kai mata abinci in ajiye in fita. Ita ma ba ta neme ni ba. Amma na lura ta daina cin rabin abin da ake zuba mata, kuma ta koma yin alwala a bakin ƙofar ɗakinta.

Ranar tashi, lori ya zo da safe, katafila na jira a bakin layi. Mazan unguwa suka taya Baba cire ƙofa da azarar rufi da tagogi. Aka loda gadaje, tukwane, awaki, adakar Kaka. Maƙwabciyarmu, wadda ɗakinta na jan bulo ko bushewa bai gama yi ba amma ya cece ta, ta rungume Umma suna kuka. Da aka ɗaga tabarmar bayan garke, direba ya ga tulin bulo, ya ce wallahi ba zai ɗauka ba, motarsa ta riga ta yi nauyi, kuma akwai wasu gidajen na jiransa. Baba ya ce to, a bar shi. Yadda ya faɗi "to" ɗin nan har yau yana kunnena.

Sai ga Kaka ta fito daga ɗakin da babu rufi. Ta taka a hankali har bayan garke, ta ba ni sandarta ba tare da ta dube ni ba, ta dafa, ta hau kan tulin bulon ta zauna, ta gyara mayafi.

Direba ya ce, "Ya Hajja, sauko, lokaci na tafiya."

"Ban je ba tukuna," in ji ta. "Kuma ba inda za ni sai da bulon ɗana."

Aka yi lallashi, aka yi barazana. Mai katafila ya matso ya yi ta taka mai don ta ji tsoro, ƙasa na rawa. Kaka ta ciro goro daga bakin zaninta ta ɓare. Ta ce da Hausa, da ƙarfi yadda duk layin zai ji, "Yaron nan a bayan keke ya ɗauko su, ɗaya ɗaya, ina kallo. Ku ture da ni a kai." Ashe tana gani. Matan unguwa suka fara guɗa, samari suka yi layi ba wanda ya sa su, bulo ya fara tafiya hannu zuwa hannu. Direba ya ɗaga hannu sama ya ce shi dai Allah ya isa, zai yi sawu biyu. Ba ta sauko ba sai da abin da take zaune a kai kaɗai ya rage. Ni na riƙe ta ta sauko, kuma a nan fushina ya ƙare.

Ba mu tsaya ganin rushewar ba. Daga kan lori na hango kan dogonyaro yana girgiza, sai na juya baya.

Dar Salam a lokacin fili ne fetal, an kafa turaku an ce ga naku. Ba inuwa, ba famfo, ruwa sai mai jaki ya kawo a ganga. Muka kafa rakuba, wato rumfa, da buhuna da azarar tsohon gida muka shige. Washegari da sassafe Kaka ta kira Baba. Ta ja layi a ƙasa da sandarta, kusurwa huɗu, ƙofa na duban gabas.

"Gina," ta ce.

Baba ya dubi layin, ya dubi bulo. "Da wanne, Inna?"

"Kana da wani ne?"

"Amma kin ce wanda ya gina da shi ya fasa tafiya."

"Ban fasa ba. Adakata na nan a ɗaure." Ta buga sanda a ƙasa. "Ni na ce wucewa nake, kuma gaskiya na faɗa. Amma ranar tashi, tsakanina da Mai Sama ne. Ba wani ɗan mai gwangwani da zai sake zuwa ya zaɓa mini rana. Gina, ka kafa shi da kyau."

Baba ya juya mana baya, ya yi kamar yana gyara rawani. Sannan ya aike ni in ɗebo ruwa. Ni na miƙa masa bulon farko, ya karɓa da hannu biyu, shi da ya taɓa dubbai. Bulon ɗaki ɗaya ya isa, ba ƙari. Sauran gidan da katanga ɗanyen bulo ya buga da ƙasar wurin, ya shanya a rana. Ɗakin ja shi ne na farko a layinmu, har masu karo, wato amalanken jaki, suka riƙa kwatance da shi. Kaka ta shiga da angarib ɗinta da adakarta. Ta yi ta ƙorafin cewa yana da zafi, bai kai na laka ba, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Damina biyu ta yi a cikinsa. Ta rasu da rana tsaka, bayan ta yi azahar. Umma ta buɗe adaka ta ciro farin ƙyallen, wanda bai ga Zamzam ba, aka wanke shi da ruwan mai jaki. A garin nan ba a rufe kabari da bulon da wuta ta taɓa, sai ɗanye. Ina kallo Baba ya je wurin waɗanda ya buga don ƙarasa katanga, ya tsuguna yana zaɓa, yana ƙwanƙwasa kowanne, yana ajiye mai tsaga gefe. Ya loda masu kyau a karo, ya bi bayan makara. Da ya dawo ya ce mini ya kwantar da ita fuskarta na duban inda ta nufa.

Tsohuwar unguwarmu yanzu titi ne mai faɗi da shaguna masu ƙofar gilashi. Na taɓa sauka na nemi inda dogonyaro yake, na tarar da wurin wankin mota. Ban yi kuka ba, na dai tsaya har mai wurin ya tambaye ni ko na ɓata ne. Na ce masa a'a, gidanmu ne yake tsaye a kai.

Ɗakin ja ya zama nawa, adakar ma tawa ce. Na dasa dogonyaro a tsakar gida da hannuna, da rana, kowa na gani. Furfura ta fito mini, har yaran kanti sun fara ce mini Hajja. Wani lokaci kuma wani ya ji ina Hausa da jikata a bas, ya juyo ya tambaye ni asalina daga ina, yaushe za mu koma. Mai ce mini Hajja nakan ce masa ban je ba tukuna. Mai tambayar asali kuwa nakan tambaye shi da me aka gina gidan ubansa. In ya ce jan bulo, sai in ce ya koma gida ya gaishe mini da bangon.